Shin Matsalolin Juna Biyu Suna Rage Sinadaran Kariya da ke Cikin Nonon Uwa?

Wata baiwar Allah ta aiko da tambaya cewa ta yi fama da hawan jinin masu juna biyu mai tsanani, har likitoci suka ciro jaririnta ta hanyar tiyata a mako na 33, kuma yanzu yana kwance a sashen kula da jarirai. Ta ji an ce irin wannan ciwo yana cinye sinadaran kariya na jikin uwa, waɗanda masana ke kira antioksidan, saboda haka tana fargabar cewa nononta ya raunana. Tana so ta san ko madarar gwangwani za ta fi wa yaron amfani, ko kuwa ta nemi ƙwayoyin bitamin masu ƙarfi ta sha don ta gyara nonon. Ta ƙara da cewa ƙanwarta, wadda aka gano tana da ciwon suga na lokacin goyon ciki, ita ma wannan damuwar ce take damun ta.

Malama, barka da arziki, Allah Ya ba ki lafiya, Ya raya abin da aka samu. Amsar a taƙaice ita ce: abin da kika ji yana da tushe, amma an kai shi inda bai kai ba. Gaskiya ne cewa hawan jini da ciwon suga da haihuwar bakwaini suna taɓa ma'aunin waɗannan sinadarai a jikin uwa, kuma akan ga alamar hakan a cikin nono. Sai dai canjin da ake gani a nono ya fi wanda ake gani a jini sauƙi ƙwarai, ba kullum yake karkata zuwa raguwa ba, kuma ko a inda aka sami raguwar, nonon bai sauko zuwa matsayin madarar gwangwani ba. Abin da ya fi cancanci damuwarki shi ne jinkirin zuwan nono da ƙarancin abin da yake isa cikin yaron a kwanakin farko, domin a nan ne waɗannan cututtuka suke yin ɓarnar da ta fi girma, kuma a nan ne kike da abin yi da hannunki.

Duk ƙwayar halittar da take amfani da iskar oksijin wajen samar da kuzari tana fitar da wasu ɓaraguzan oksijin marasa natsuwa, waɗanda suke kai hari ga maiƙon da ya lulluɓe ƙwayoyin halitta da furotin da ƙwayoyin gado. Aikinsu ya yi kama da na tsatsa a jikin ƙarfen da aka bari a cikin danshi. Jiki yana buƙatar kaɗan daga cikinsu, misali wajen kashe ƙwayoyin cuta, amma idan suka rinjayi sinadaran da ke kashe kaifinsu sai ɓarna ta biyo baya. Haihuwa kanta lokaci ne na irin wannan rinjaye, saboda ɗan tayi yana rayuwa ne a cikin mahaifa da ƙarancin oksijin, kuma da zarar ya fara numfashi matsin oksijin da ke cikin jininsa yakan ninka kusan sau uku cikin ɗan lokaci. Enzayim ɗin da jikinsa ke ƙerawa don kare kansa, wato furotin masu hanzarta ayyukan sinadarai a jiki, ba sa kammala ƙaruwa sai a makonnin ƙarshe na ciki, bitamin E kuma ba ya ratsa mabiyiya da yawa, shi ya sa ko jaririn da ya cika watanninsa yakan zo duniya da ɗan tanadi kaɗan. Bakwaini kuwa yana zuwa ne kafin tanadin ya haɗu, sannan sau da yawa yana buƙatar ƙarin oksijin ta na'ura, ga ƙarin jini, ga barazanar ƙwayoyin cuta. A shekarar 1988 likitan jarirai ɗan ƙasar Norwe, Ola Saugstad, ya jawo hankalin masana cewa ciwon huhu mai daɗewa na bakwaini, da lalacewar tantanin gani na bayan ido, da ruɓewar hanji, da wasu raunukan ƙwaƙwalwa, suna da saiwa ɗaya a wannan ɓarna ta oksijin.

Nonon uwa yana cike wannan giɓi ta hanyoyi da dama a lokaci guda. Akwai enzayim guda uku da suke aiki a jere, wato sufa'oksayid dismutes da katales da gulutatayon feroksides, wanda na ƙarshen ba ya aiki sai da sinadarin seleniyam. Akwai bitamin C da ke narkewa a ruwa, da bitamin E da bitamin A da dangin karotin da suke tafiya a cikin maiƙo. Akwai laktoferin, furotin da yake kama sinadarin ƙarfe ya riƙe shi, ta yadda ƙarfen ba zai haifar da sababbin ɓaraguzai ba, ƙwayoyin cuta kuma ba za su same shi su ci ba. Akwai kuma melatonin, sinadarin da ke daidaita barci, wanda yawansa yake hawa da dare ya sauka da rana. Dakashi, nonon kwanakin farko, shi ne mafi kauri a yawancin waɗannan abubuwa: launinsa na rawaya daga karotin ya samo shi, bitamin E da ke cikinsa ya ninka na cikakken nono sau da dama, laktoferin ɗinsa kuma yakan kai giram 5 zuwa 7 a kowace lita, alhali a cikakken nono giram 1 zuwa 2 ne.

Ciwon da kika yi fama da shi, wanda ake ganewa idan awon jini ya kai 140/90 bayan mako na 20 tare da furotin a fitsari ko alamar taɓuwar ƙoda ko hanta, yana shafar kashi 2 zuwa 8 cikin 100 na masu juna biyu a duniya. Asalinsa a mabiyiya yake. A farkon ciki ana so jijiyoyin mahaifa da suke kai mata jini su buɗe su faɗaɗa, to idan hakan bai kammala ba sai jinin ya riƙa zuwa yana yankewa, kuma wannan zuwa da yankewar yana sa mabiyiya ta riƙa zuba ɓaraguzan oksijin da sinadaran kumburi cikin jinin uwa. Shi ya sa idan aka auna jinin mai wannan ciwo akan sami alamun lalacewar maiƙo sun yi yawa, wasu sinadaran kariya kuma sun ragu. Har zuwa nan babu saɓani sosai tsakanin masana. Saɓanin yana farawa ne idan aka koma kan nono. Wasu binciken sun sami ƙarfin kariyar dakashin waɗannan iyaye ya yi ƙasa da na masu lafiya, wasu ba su ga bambanci ba, wasu kuma sun ga akasin abin da ake tsammani. Wani bincike da aka wallafa a 2019 ya gano cewa dakashin masu wannan ciwo ya fi yawan folifenol, wasu sinadaran kariya da ake samu daga tsirrai, kuma ya fi jure ɓarnar oksijin. Masu bincike a birnin Pune na Indiya ma sun sami maiƙon DHA, wanda ƙwaƙwalwar jariri take buƙata, ya fi yawa a nonon iyayen da suka yi wannan ciwo, duk da cewa a jininsu ya ragu.

Abin da nake fahimta daga wannan, kuma shi nake so ki riƙe, shi ne nono ba tataccen jini ba ne. Ƙwayoyin halittar mama suna zaɓar abin da za su ɗauko daga jini, suna ƙera wasu abubuwan da kansu, laktoferin na daga ciki, kuma suna fifita jariri ko da ajiyar uwa za ta ragu. Ƙari a kan haka, tushen ciwon yana fita tare da mabiyiya a ranar haihuwa, saboda haka ɓarnar da ke cikin jini takan fara lafawa a daidai lokacin da nono yake fara kankama.

Akwai kuma dalilin da ya sa sakamakon binciken yake karo da juna, kuma sanin sa zai rage miki fargaba. A kwanakin farko bayan haihuwa akwai 'yan ƙofofi a buɗe tsakanin ƙwayoyin halittar mama, waɗanda wasu abubuwa daga jini suke ratsawa kai tsaye zuwa cikin dakashi. Idan furojestaron, sinadarin da ke riƙe ciki, ya faɗi bayan fitar mabiyiya, ƙofofin sukan rufe, gishirin nono ya ragu, sukarinsa ya ƙaru, yawansa kuma ya haura, abin da ake kira zuwan nono, wanda yawanci yake faruwa kafin cikar awa 72. Hawan jini da tiyata da ciwon suga da ƙiba da zubar jini mai yawa da raba uwa da jaririnta duk suna iya jinkirta wannan sauyi. Saboda haka idan mai bincike ya ɗauki nonon mata biyu a rana ta uku, mai lafiya tana iya kasancewa ta shiga mataki na gaba, mai ciwon kuma tana kan dakashi, sai a ga bambancin da asalinsa na lokaci ne. Haka nan nonon ƙarshen tatsa ya fi na farko maiƙo, don haka ya fi shi bitamin E, na dare ya fi na rana melatonin, hanyoyin awon da ake amfani da su a ɗakin gwaji kuma ba abu ɗaya suke aunawa ba. Yawancin binciken ma a kan mata 'yan gomomi aka yi su. Kuma duk awon yana faɗin abin da ke cikin mililita ɗaya ne, alhali abin da yake amfanar jariri shi ne jimillar abin da ya shiga cikinsa a yini. Nono mai kauri da bai wuce ɗigo biyu ba ba zai yi aikin nono matsakaici da ya wadata ba.

Game da ƙanwarki, yawan suga a jini yana tura ƙwayoyin halitta su ƙona makamashi fiye da kima, wanda hakan yake ƙara ɓaraguzan oksijin, kuma ana ganin alamunsa a jinin uwa da na cibiya. A nono kuwa hoton bai fita sarai haka ba. An sami rahoton sauyi a wasu furotin na dakashi da wasu sinadaran da ke daidaita ci da girma, amma binciken da aka yi a Brazil kan bitamin E bai nuna cewa ciwon ya rage shi a dakashi ba. Abin da aka fi tabbatarwa shi ne jinkirin zuwan nono, domin insulin yana da hannu a aikin ƙwayoyin da ke ƙera shi, kuma jinkirin ya fi yawa ga wadda sugarta ba ta daidaita ba. Wannan yana haɗuwa da wata matsalar: jaririn mai ciwon suga yana iya fuskantar faɗuwar suga a awannin farko, sai a ba shi madarar gwangwani, sai tsotsonsa ya ragu, sai nonon ya ƙara jinkiri. Wani babban gwaji da aka yi a Ostareliya, aka wallafa a 2017, ya nuna cewa mace mai ciwon suga wadda cikinta ba shi da wata matsala tana iya fara tatsar dakashi da hannu daga mako na 36 tana adanawa, ba tare da an ga illa ga jariri ba. Wannan ba abin da za ta fara da ra'ayin kanta ba ne, sai likitanta ya duba ya amince. Ita ma tana da riba a shayarwa, domin matan da suka shayar sosai bayan irin wannan ciwo sun fi tsira daga kamuwa da ciwon suga na dindindin a shekarun da suka biyo baya.

Nonon wadda ta haifi bakwaini, kamar naki, ya bambanta da na wadda ta cika watanni, musamman a makonnin farko: ya fi furotin da gishiri da sinadaran garkuwar jiki. A ɓangaren antioksidan, wani bincike daga Sifaniya a 2006 ya sami ko'enzayim Q10, ɗaya daga cikin sinadaran kariya, ya fi yawa a dakashin waɗanda suka cika watanni, yayin da wasu suka sami melatonin ya fi yawa a na iyayen bakwaini. Sai dai kwatancen da ya shafe ki ba tsakanin nononki da na wata mata ba ne, tsakanin nononki ne da madarar gwangwani, kuma a nan babu ruɗani. James Friel da abokan aikinsa a Kanada sun nuna a 2002 cewa nonon iyayen bakwaini da na waɗanda suka cika watanni duka sun fi madarar gwangwani jure ɓarnar oksijin a ɗakin gwaji. Ana zuba bitamin C da E a madarar gwangwani, wani lokaci har fiye da na nono, amma ba ta da rayayyun enzayim ɗin da ke cikin nonon uwa. Tun a 1990 Alan Lucas da Tim Cole suka bibiyi bakwaini 926 a Ingila, suka tarar ruɓewar hanji ta ninka sau 6 zuwa 10 ga waɗanda aka ba madarar gwangwani kaɗai idan aka kwatanta da waɗanda suka sha nonon uwa kaɗai. Ba antioksidan kaɗai ne suka kawo wannan bambanci ba, amma suna cikin abin da ya kawo shi. Idan kika ga ma'aikatan sashen suna ƙara wani gari na musamman a cikin nonon ƙananan bakwaini, kada ki ɗauka shaida ce ta raunin nono. Jaririn da ya kamata a ce yana cikin mahaifa yana buƙatar furotin da kalsiyam da fosfarus fiye da abin da kowane nono yake ɗauke da shi.

Sauran abubuwan da ke taɓa ma'aunin sinadaran kariya a nono sun haɗa da ƙarancin jini da rashin wadataccen abinci, waɗanda sukan zo tare da ƙarancin bitamin A da C, da kuma shan taba ko zama cikin hayaƙinta, wanda aka tabbatar yana rage bitamin C da ƙarfin kariyar nono.

Batun ƙwayoyin bitamin masu ƙarfi yana buƙatar taka-tsantsan. Sinadaran nono kashi biyu ne ta wannan fuska. Bitamin C da bitamin A da karotin da seleniyam suna bin abin da uwa take ci, musamman idan da ma tana da ƙaranci, saboda haka ganyaye masu duhun kore da kayan lambu masu launi da 'ya'yan itatuwa da kifi da ƙwai suna ɗaga su a zahiri. Ƙarfe da zink da tagulla kuwa mama ne yake daidaita su, ƙarin da uwa ta sha ba ya sauya yawansu a nono sosai, ko da yake yana amfanar jikinta. Ko bitamin C ɗin ma yana da iyakar da yake tsayawa, idan jiki ya ƙoshi ragowar ta fitsari take fita. Masana sun taɓa sa rai cewa tunda hawan jinin masu juna biyu yana tafe da ɓarnar oksijin, bitamin C da E za su hana shi. An gwada hakan a Birtaniya, aka wallafa sakamakon a 2006: mata masu haɗarin kamuwa sun sha miligiram 1000 na bitamin C da awo 400 na bitamin E a ma'aunin bitamin na duniya (IU) kullum, ciwon bai ragu ba, adadin jariran da aka haifa da ƙarancin nauyi ma ya ɗan ƙaru. Manyan gwaje-gwaje a Ostareliya da Amurka su ma ba su ga wata kariya ba, kuma tun 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta ba da shawarar shan su don rigakafin wannan ciwo. Abin da ta amince da shi shi ne ƙaramin awon asfirin ga masu haɗari, da kalsiyam ga waɗanda abincinsu ba ya wadatar da su, kuma wannan zai yi miki amfani idan Allah Ya kawo wani cikin. A yanzu, ki ci gaba da maganin ƙarin jini ko bitamin da likitanki ya rubuta miki, kada ki ƙara wani da kanki, musamman bitamin A, wanda yake taruwa a hanta.

Inda nake so ki zuba ƙarfinki shi ne tatsa. Idan jariri bai iya kama mama ba, ana so uwa ta fara tatsa cikin awannin farko bayan haihuwa, ta riƙa yi aƙalla sau 8 a cikin awa 24, har da sau ɗaya cikin dare. Idan kin makara wajen farawa, ki fara yau, domin mama yana amsa buƙatar da aka nuna masa. A kwanakin dakashi tatsar hannu ta fi dacewa, kuma kada ƙanƙantar abin da ya fito ta karya miki gwiwa, domin ko jaririn da bai fara karɓar abinci ba ana iya shafa masa ɗigo kaɗan a cikin kumatunsa. Ki tatse mama har ya yi laushi don nonon ƙarshe mai maiƙo ya fito. Ki nemi a ɗora miki yaron a ƙirji, fata da fata, gwargwadon yadda yanayinsa ya ba da dama. Tun 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya take ba da shawarar a fara hakan nan da nan bayan haihuwar bakwaini, kuma yana taimaka wa zuwan nono.

Yadda ake adana nonon ma yana taɓa waɗannan sinadarai a fili, kuma wannan a hannunki yake. Binciken da aka wallafa a 2004 ya nuna cewa ƙarfin kariyar nono yana raguwa idan ya daɗe a firji, yana kuma ƙara raguwa idan aka daskarar da shi. Saboda haka sabon tatsa shi ne kan gaba, sai wanda bai wuce awa 48 a firji ba, sannan daskararre, wanda shi ma ya fi madarar gwangwani. A zuba shi a mazubi mai tsabta da murfi, a kare shi daga haske mai ƙarfi, a ɗumama shi a cikin ruwan ɗumi, kada a tafasa. Rubuta lokacin tatsa a jikin mazubin yana da amfani, domin jariri ba ya fara ƙera melatonin bisa tsarin dare da rana sai wajen wata uku, don haka ba shi nonon dare da dare ya fi dacewa idan hali ya yi. A inda ake da ma'ajiyar nonon taimako, wato wanda wasu iyaye mata suka bayar, ana dafa nonon a zafin digiri 62.5 a ma'aunin Salsiyas na minti 30, wanda yake rage bitamin C da laktoferin da wasu enzayim, shi ya sa ake ɗaukar sa a matsayin cikon giɓi har naki ya wadata.

Magungunanki kuma ba dalilin daina shayarwa ba ne. Allurar magniziyam da ake yi don hana jijjiga, da magungunan hawan jini irin su nifedifin da labetalol da enalafiril, da insulin da metfomin ga masu ciwon suga, duk ana shayarwa tare da su. Kada ki daina shan maganinki don gudun ya shiga nono, domin hawan jinin yana iya ƙara tashi tsakanin rana ta 3 da ta 6 bayan haihuwa, kuma jijjiga tana iya zuwa ko bayan an sallami mace. Ciwon kai mai tsanani da ba ya jin magani, ko dishi-dishin gani, ko ciwo a saman ciki ta dama, ko sarƙewar numfashi, alamu ne da za ki koma asibiti a kansu nan take. Ƙanwarki kuma ta koma a sake auna sugarta tsakanin mako 6 zuwa 12 bayan ta haihu, ko da tana jin ta warke sarai.